Farcen da ya shige nama: wane aiki ne ya cancanci kuɗinka a Kaduna?

Farcen babban yatsan ƙafa idan ya shige nama, ciwon bai kai girman da mutum zai nuna wa jama'a ba, amma ya isa ya hana sa takalmi, ya hana barci in bargo ya gogi wurin, ya mayar da zaman tahiya jan aiki. A Kaduna ba baƙon ciwo ba ne, don gari ne na masu sa but da sau-ciki: sojoji da ɗaliban NDA, 'yan sanda, masu yi wa ƙasa hidima, 'yan makarantun kwana, da samarin da ke buga ƙwallo da kambas ɗin da ya matse su. Hannu uku ne ke karɓar wannan aiki a garin. Akwai mai yankan farce da ke yawo da almakashi, akwai mai kemis ko shagon gyaran ƙafa, sai kuma asibiti. Ma'auninmu ɗaya ne, wato ko ciwon yana dawowa bayan an biya kuɗi. A wannan ma'auni, ga yatsan da ya riga ya yi mugunya ko yake ta maimaitawa, aiki ɗaya ne ya biya: a cire siririn gefen farcen, a kuma kashe saiwar wannan gefen. Har a asibiti ma ba kowane "cire farce" ne wannan aikin ba.

Sai an san yadda abin yake farawa kafin a gane dalili. Farce yana tsirowa ne daga saiwa da ke ɓoye ƙarƙashin fatar gindinsa, kuma na ƙafa ba ya sauri, kusan milimita 1 da rabi yake yi a wata. Gefensa yana kwance cikin wani ɗan kwari na fata. Idan aka yanke farcen ƙasa sosai aka kewaye kusurwar, bakin almakashi yawanci ba ya kaiwa ƙarshen gefen da ke cikin kwarin, sai a fizge abin da ya rage, a bar ɗan tsini a ɓoye. Farce na ci gaba da tafiya, tsinin na gaba, takalmi kuma na danno nama a kansa. Da farko ja ne da ɗan kumburi da zafi in an taɓa. Daga nan fata ta huje, ruwa da mugunya su fara fita, zugi ya shigo. In aka daɗe a haka, sai wani jan nama mai saurin zubar da jini ya tsiro ya hau kan farcen. Gumi, tuntuɓe, cutar fangas mai sa farce kauri, da farce mai lanƙwasa na gado duk suna taimakawa. Mutane kan ɗauka ɗan-karkare ne su yi ta ɗaura magani, alhali tsinin nan kamar ƙaya yake a cikin ƙafa: muddin yana ciki, babu abin da za a shafa ko a sha da zai rufe ciwon.

Mu fara da mai yankan farce, wanda ake jin ƙarar almakashinsa tun daga nesa a tashar Kawo, Kasuwar Barci, bakin masallatai ranar Juma'a da majalisun unguwa. A ba shi haƙƙinsa. Yana da araha, hannunsa ya faɗa, kuma yana yi wa tsofaffi da masu ƙiba da ba sa iya sunkuyawa babban amfani. Ga lafiyayyen farce aikinsa ba laifi. Matsalar tana cikin abin da ake yaba masa da shi. Zai ɗora ƙafarka a kan gwiwarsa, ya jiƙa farcen da soso da ruwan kumfa, ya kewaye shi tsaf, sannan ya ɗauko 'yar wuƙar nan mai siririn baki ya bi gefe da gefe yana ƙwaƙulowa har sai kwarin ya yi fes. Wannan kewayewa da ƙwaƙula su ne ke haifar da tsinin. Idan kuma farcen ya riga ya shiga, zai yanko kusurwar a karkace, ka ji sanyi nan take, ka yi godiya. Bayan 'yan makonni sabon tsini ya iso, kuma ya fi na da zurfi, don yanzu nama ya cike gurbin da aka buɗe. Ba zai iya bin gefen har saiwa ba, saboda babu mai jure wannan ba tare da allurar kashe zafi ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne kayan aikin. Almakashi ɗaya da wuƙa ɗaya ke bin ƙafafu da yawa a wuni, kuma yatsan da farce ya shiga yana jini da an taɓa shi. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7. Ruwan kumfa ba ya kashe ta, goga sifirit sau ɗaya da auduga ba abin dogaro ba ne, haka nan wuce ƙarfe ta harshen wutar laita. Wanda ba zai iya rabuwa da mai yankan farce ba ya sayi nasa almakashin ya riƙa miƙa masa. Ƙafar da ke da ciwo kuwa, ko ƙafar mai ciwon suga, kada a miƙa ta sam.

Shagunan gyaran ƙafa na Barnawa, Malali ko Unguwar Rimi sun fi tsabta a ido, da kujera mai laushi da kwanon ruwan ɗumi, amma salon yankan kusan ɗaya ne, tambayar ma ɗaya ce: da me ake tsabtace ƙarafan tsakanin mutum da mutum? Amsa mai kyau ita ce a wanke da sabulu da buroshi, sannan a turara su a tukunyar matsi da zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Mafi ƙarancin abin da za a karɓa shi ne a jiƙa su minti 10 a ruwan bilic, kashi 1 na mai ƙarfin 3.5 cikin kashi 6 na ruwa, kafin a wanke. Shagon da ya ga mugunya ya ce "Hajiya, wannan na asibiti ne" ya cancanci a koma masa. 'Yan kayan da ake tallatawa a intanet, irin siririyar roba ko waya da ake mannawa a bayan farce don ta ɗago gefensa, suna iya taimaka wa farce mai lanƙwasa da bai yi ciwo ba. A kan yatsa mai mugunya asarar kuɗi ne.

Mai kemis yana da amfani a matakin farko idan ya tsaya inda ya kamata. Farcen da ya fara ja kawai, babu mugunya, sau da yawa yana warkewa a gida. A zuba ruwan ɗumi lita 2, wato ledar fiya wata 4, da gishiri ƙaramin cokali 4, a tsoma ƙafar minti 15, sau 3 a rana. A busar da kyau. Sannan a murza auduga ƙanƙanuwa, a tura ta a hankali ƙarƙashin kusurwar farcen don ta ɗaga shi daga nama, a sauya ta kullum. Filasta ma tana aiki: a manna bakinta a fatar gefen farcen, a ja fatar ƙasa, a zagaya da ita ta ƙarƙashin yatsan ba tare da an ɗaure shi zagaye ba. A koma silifa ko sandal. Saboda farcen ƙafa ba ya sauri, kusurwar tana buƙatar makonni, wani lokaci wata 2 ko 3, kafin ta wuce bakin nama, kuma a nan ne yawancin mutane ke gajiya su sake yankewa. Idan kwana 3 zuwa 5 sun wuce ciwon na ƙaruwa, a bar maganin gida, a tafi asibiti.

Inda kemis ke ɓata aiki shi ne kafso da allura. A ba mutum ampiclox na kwana 5, mugunya ta ragu, ya ɗauka ya warke, bayan mako 2 ta dawo, a sauya masa wani mai tsada. Wasu har fasa kafson suke yi su barbaɗa garin a ciwon. Shuɗin maganin nan na GV yana ɓoye launin fata, likita ya kasa ganin inda jan ya tsaya. Man birki, kananzir, man goge baki da ruwan batir suna ƙara ɓata ciwon ne kawai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da wurinsa, idan jan ya bar yatsa ya hau ƙafa ko akwai zazzaɓi, amma ga ciwon da ya tsaya a gefen farce, cire tsinin shi ne maganin.

Yanzu asibiti. Aikin ƙarami ne, ba a kwantar da mutum, ba a sa shi barci, ba sai ya yi azumin abinci ba. Ana yinsa a ƙaramin ɗakin tiyata ta sashen marasa lafiya na waje, a manyan asibitoci irin Barau Dikko, Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri ko asibitin sojoji na 44, da kuma asibitoci masu zaman kansu. Idan an yi shi yadda ya dace, ga yadda yake tafiya.

Likita zai fara duba ƙafar kafin ya taɓa ƙarfe. Zai nemi bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu, ya tambayi ciwon suga, sikila, juna biyu, maganin tsinka jini, da lokacin da aka yi allurar tetanos ta ƙarshe. Wanda bai yi waɗannan tambayoyi ba ya tsallake rabin aikin. Sai a wanke yatsan da aidin, a yi allurar lidoken mai kashe zafi a gindin yatsan, hagu da dama, kusan mililita 2 kowane gefe. Ba a cikin kumburin ake yin ta ba, don maganin ba ya kama naman da ya yi mugunya da kyau. Allurar tana da zafi na ɗan lokaci, kuma ita ce mafi wuyar aikin duka. A jira minti 5 zuwa 10, a gwada da bakin hantsaki. Za ka ji ana taɓawa da dannawa, amma bai kamata ka ji tsini ba. In ka ji, ka faɗa. Gaggawar farawa kafin allura ta kama ita ce ta sa mutane da yawa ke ba da labarin cire farce kamar azaba.

Daga nan a ɗaure gindin yatsan da roba don jini ya tsaya. A tura siririn ƙarfe mai faɗi ƙarƙashin gefen da ya shiga, a raba shi da nama. A tsaga farcen a tsaye, faɗin milimita 3 zuwa 4 daga gefe, tun daga baki har ƙarƙashin fatar gindi. A kama tsagin da hantsaki, a murɗa shi waje. Abin da ke fitowa yakan ba mai ƙafar mamaki: ɓangaren da ke ɓoye ya fi wanda ake gani faɗi, gindinsa fari ne mai laushi da ɗan fiffike, can gaba kuma ga tsinin da ya hana barci. Ka nemi a nuna maka. Idan gindin ya fito a gutsure, akwai saura a ciki, kuma dole a bi shi a fitar. Jan naman da ya tsiro a kankare shi.

A nan ne hanya ta rabu biyu, kuma a nan ne kuɗinka ke yin amfani ko ya tafi a banza. Idan aka tsaya a nan aka naɗe ƙafar, saiwar tana nan da ranta. Gefen zai sake tsirowa a hanyarsa ta da, ya tarar da nama ya matso, kuma a mafi yawan mutane ciwon yana dawowa cikin watanni. Cire farcen gaba ɗaya ba tare da taɓa saiwa ba ya fi muni. Yana ɗaukar wata 12 zuwa 18 kafin ya gama tsirowa, a tsawon wannan lokaci naman bakin yatsa yana tasowa saboda babu abin da ke danne shi, sabon farcen ya zo ya ci karo da shi, sau da yawa da kauri da murɗewa. Wannan aikin ya yawaita a wasu ƙananan wurare domin ya fi sauri, kuma ba ma ba shi maki. Yana da hujja ne kawai idan mugunya ta taru ƙarƙashin farcen duka ko farcen ya riga ya lalace.

Aikin da muke yabawa yana ƙara minti 5 ne kacal. A busar da ramin da aka cire tsagin ƙaƙas, a shafa basilin a fatar da ke kewaye, a tsoma siririn tsinken auduga a ruwan fenol mai ƙarfin 80 zuwa 88, a tura shi can cikin kusurwar saiwa ana murzawa, minti 1 sau 3, sannan a wanke. Fenol yana ƙone ƙwayoyin saiwar da ke haifar da wannan gefen kaɗai, sauran farcen ya ci gaba da tsirowa lafiya. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitoci, ta yi a 2012 ta nuna ƙara fenol yana rage dawowar ciwon ƙwarai, kuma a hannu mai kyau waɗanda yake dawo wa ba su kai 5 cikin 100 ba. Abu biyu ke ɓata shi. Na farko jini, domin yana kashe ƙarfin fenol, shi ya sa ɗaurin robar ba ado ba ne. Na biyu tsohon fenol da haske ya taɓa har ya koma ja-ja. A kwalba mai duhu ake ajiye shi. In kuma ya zuba a fata ba tare da kariya ba, ƙuna ce.

Ba ko'ina ake ajiye fenol ba, kuma wannan ne babban giɓin wannan hidima. Inda babu shi, likitan tiyata yana iya yanko kusurwar saiwar da wuƙa ya ɗinke, a cire zaren bayan kwana 10 zuwa 14. Yana aiki, sai dai ya fi zafi daga baya, kuma ya fi dogara da ƙwarewar hannu, don ko ɗan ƙwayar saiwa aka bari zai fito da tsini. Ga mai juna biyu ana kauce wa fenol. Saboda haka tun kafin ka hau gado ka tambaya da ladabi: "Likita, gefen kaɗai za a cire ko duka? Kuma za a kashe saiwar gefen?" Likita nagari ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka kuma tambayi kuɗin gaba ɗaya, da kati, da allura, da kayan ɗauri, da wankin ciwo na kwanakin baya, domin a wankin ne lissafi ke kumbura. Mai inshorar lafiya ta jiha (KADCHMA) ko ta tarayya (NHIA) ya fara ta asibitin da ya yi rajista.

Abu ɗaya kada ka bar wa kowa: robar da aka ɗaure yatsan. Ka ga an kwance ta da idonka, ka ga yatsan ya dawo da launinsa, kafin a naɗe bandeji. Mantawa da ita a ƙarƙashin bandeji ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru yatsan ake rasawa. Haɗarin ya fi yawa inda ake yanko yatsan safar hannu a naɗe shi a matsayin ɗauri, don siriri ne, yana ɓuya.

Ka zo da silifa mai faɗi, kuma kada ka tuƙa mota ko babur ranar, yatsan a mace yake na awa 1 zuwa 2. A gida a ɗaga ƙafar kan matashi kwana 1 ko 2. Farasitamol giram 1 duk awa 6 yakan isa babban mutum, kada ya wuce giram 4 a rana. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisanci ibufurofen da diklofenak. Bayan kwana 1 ko 2 a buɗe ɗaurin farko, a jiƙa shi da ruwan gishiri tukuna don kada ya fizgo nama. Daga nan kullum a tsoma minti 5 zuwa 10 a tafasasshen ruwan gishiri da ya huce, a busar, a sa sabon ƙyallen bandeji mai tsabta, ba auduga kai tsaye ba, don tana maƙalewa. Wurin da aka sa fenol yana tsatsafo da ruwa mai ɗan rawaya tsawon mako 2 zuwa 6. Wannan ba mugunya ba ce, kuma rashin gaya wa mutane hakan tun farko ne ke mayar da su kemis neman kafso. Mai aikin ofis ko shago yana iya komawa bayan kwana 2 da buɗaɗɗen takalmi. But da ƙwallo su jira aƙalla mako 2, zai fi kyau har ruwan ya tsaya, don haka mai kaki ya nemi takardar hutun but tun a ranar. Da damina a kiyaye laka da ruwan kwata, wanda zai iya zaɓar lokaci ya yi aikin da rani. Wajen alwala ana shafa a kan bandeji, kuma wanda kafa yatsa a sujada ko zaman tahiya ke cutar da shi yana da sauƙin da addini ya ba mara lafiya, ya tambayi malaminsa.

A koma asibiti a ranar, ba gobe ba, idan jan ya hau bayan ƙafa, kaluluwa ta fito a matsematsi, zazzaɓi ya zo, ciwon ya fara wari, zugi na ƙaruwa bayan kwana 2, ko yatsan ya yi baƙi ko sanyi.

Masu ciwon suga nasu daban ne, kuma muna roƙon 'ya'yan da ke kula da Baba ko Inna su riƙe wannan. Suga yana kashe jijiyoyin jin zafi, yana rage gudun jini, sai tsini ya yi makonni cikin nama ba a sani ba, ƙaramin ciwo ya kai ƙashi. Ba tsoma ƙafa a ruwan zafi, ba tura auduga, ba mai yankan farce. Ko ɗan ja aka gani a gefen farce, asibiti, a auna suga da gudun jinin ƙafar kafin a yanke shawarar tiyata. Mai sikila ya faɗa tun farko, domin ɗaure yatsa da roba yana buƙatar taka-tsantsan a wurinsa.

Bayan warkewa farcen yana ɗan sirancewa, fata ta rufe gurbin, ba kowa zai lura ba, lalle ma yana zama a kai yadda ya saba. Wani lokaci ɗan siririn tsini kan fito shi kaɗai a kusurwa bayan watanni. Kada a ƙwaƙule shi, a koma a sake sa fenol a wurin. Ɗaya ƙafar kuma tana nan da saiwarta, kuma hannun da ya jawo na farko zai iya jawo na biyu. A yanke farcen bayan wanka lokacin da ya yi laushi, a miƙe, a bar kusurwoyin biyu suna zaune a saman nama ana ganinsu, a goge kaifinsu kaɗan da magogi. Takalmi a gwada shi da yamma da safar da za a riƙa sawa, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin bakin yatsa da bakin takalmin, yara masu tasowa kuma a riƙa duba na makarantarsu kowane zango. Idan mai almakashi ne zai yi yankan, a gaya masa kafin ya fara: "Malam, yanke shi a miƙe, kada ka shiga gefe."